Inna mai ƙuli ta rasu: wa ya ƙirga aikin da ta yi?

Jikar Inna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kun ji ni shiru kwana biyu. Kakarmu ta wajen uba, wadda duk unguwa ke kira Inna mai ƙuli, Allah ya yi mata rasuwa ranar Talatar makon jiya bayan asuba, aka kai ta makwancinta kafin azahar. Don Allah ku sa ta a addu'a. Akwai kuma maganar da ta tsaya mini a rai, zan kawo ta in na ɗan natsu.

Maman Biyu: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa ta huta. Ya haƙuri, ƙanwata?

Ɗan Kurmi: Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya albarkaci bayanta.

Gwaggo ta Fagge: Allahu Akbar. Allah ya sa Aljanna ce makoma, ya kyautata tamu in ta zo. Sannu 'yata, a gaida mahaifinki da haƙuri.

Jikar Inna: Amin summa amin, na gode ƙwarai. Ga maganar. Da aka kwantar da ita a asibiti, mai rubuta kati ya tambayi yayana sana'arta. Ya ce, "Ba ta aiki, tsohuwa ce." Aka rubuta haka. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma ni abin ya ƙi barina. Matar da ta haura shekara hamsin tana matsar man gyaɗa, a ce ba ta aiki?

Inna ba ta da takardar haihuwa. In ka tambayi shekarunta sai ta ce an kawo ta Kano amarya daga wani ƙauye a ƙasar Dambatta a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, wato 1956, kuma ta haifi ɗan farinta shekarar da aka sami 'yancin kai. Wannan ɗan farin shi ne babanmu, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan", alhali furfura ta cika masa kai. Kakanmu lebura ne a wajen dalar gyaɗa ta Ƙofar Mazugal, yana ɗaukar buhu a ka yana hawa. Da aka yi fari a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, aikin dala ya mutu, ya koma dako a kasuwa, yau a samu gobe babu. Daga nan turmin Inna ya ɗauki gidan, shi kansa bai taɓa musun haka ba.

Ni na tashi a ɗakinta, na ga aikin da idona. Tun kafin kiran assalatu ta hura wuta. Ta soya gyaɗar sama-sama a kasko, a baza a tabarma ta huce, a murje, a bakace ɓawon a faifai. Yara su kai inji. In an dawo da niƙan sai a juye a babban turmi, ta kama taɓarya tana juyawa, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. A nan gwanintar take: ruwa ya yi yawa man ya ƙi tasowa, ya yi kaɗan ki wuni kina juyi. Ita da ido take ganewa. In ya taso ta kwashe da ludayi, ta matse tunkuzar da hannu har ta daina ɗiga, ta sa gishiri, mu zauna murza ƙuli, ta soya shi a cikin man da ya fito daga jikinsa. Masu tsire biyu na bakin titi a wajenta suke ɗaukar ƙulin yaji. Tafin hannunta ya yi kanta, har garwashi take ɗauka ta mayar murhu ba ta ji.

Da wannan ta aurar da 'ya'ya mata huɗu da kayan ɗakinsu, ta riƙe marayun ƙaninta biyu, ta biya wa babanmu kuɗin jarrabawa, ta je Makka da kuɗinta.

Ɗan Kurmi: Allahu Akbar. Irin waɗannan iyaye sun ƙare. Ku yi haƙuri mata, amma gaskiya ɗaya ce: matan yanzu ba za su iya rabin wannan ba. Ga gas, ga injin markaɗe, ga ruwan leda, amma kullum kukan gajiya. Waya a hannu tun safe har dare. Su Inna ba su san ƙorafi ba, shi ya sa aurensu ya yi albarka.

Maman Biyu: Malam Ɗan Kurmi, da ka bari mun gama ta'aziyya kafin ka ɗauko wannan. Amma tunda ka ɗauko, wayar da kake gani a hannunmu ita ce farantin tallarmu. Ni a WhatsApp nake sayar da turaren wuta da atamfa, da kuɗin nake cika kuɗin makarantar yara tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashin maigida ya daina kai wata. Maƙwabciyata malamar firamare ce, ta dawo ƙarfe biyu ta ɗora tukunyar awara. Shiga kowane layi a Kurna ko Rijiyar Lemo ka ƙirga gidajen da ake sayar da ɗanwake, ƙanƙara, zoɓo, itace. Wa ke yi? Ba mu ƙare ba. Ba a dai ganinmu ne, kamar yadda ba a ga Inna ba sai da ta kwanta dama.

Kuma wa ya gaya maka ba su san ƙorafi ba? Ba su da wanda za su kai wa ne.

Ɗan Kurmi: Hajiya ban ce duka ba. Amma ki yarda haƙurin da ya fi na yanzu.

Gwaggo ta Fagge: Ɗana, bari in ba ka amsa, don ni na girme ku duka a zauren nan, kuma ni 'yar mai sana'a ce. Mahaifiyata fura take yi. Tana cikin kulle, ba ta leƙa ko zaure, to wa zai kai furar kasuwa? Ni. Tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗaukar ƙwarya. Da gwamnati ta kawo karatun firamare kyauta a 1976, mai unguwa ya bi gida-gida yana rubuta yara. Aka rubuta ƙannena maza. Ni mahaifiyata ta ɓoye ni a bayan rumbun maƙwabta har suka wuce. Ba don ba ta so na ba. In na tafi makaranta, furar ta kwana, in ta kwana ba a ci tuwon dare ba, kuma da ribar tallar nan ake tara mini kwanoni da tasoshin aure. Sai da na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980. Da shi nake rubuta muku wannan.

Ina yi wa mahaifiyata addu'a kullum, ban taɓa riƙe ta a zuciya ba. Amma in ana yabon haƙurin iyayenmu, a riƙa faɗin wanda ya biya kuɗinsa. Su suka biya da lafiyarsu, mu 'ya'yansu mata muka biya da karatunmu. Ba na so jikokina su yi irin wannan haƙurin.

Jikar Inna: Gwaggo kin taɓo inda yake mini ciwo. Gwaggonnina huɗu babu wadda ta wuce aji uku. Su suka yi tallar da ta kai babanmu kwaleji. A zaman makoki ana ta cewa "Inna ta yi ɗa, ga Alhaji ya zama mutum", su kuwa suna bayan gida suna fama da tukwanen abincin baƙi. Inna da kanta ta san da wannan. Lokacin da na sami gurbin jami'a wasu suka ce a yi mini aure tukuna, ita ta buga ƙasa ta ce ba a isa ba. Ta kira ni ɗaki, ta ce, "Kishiya, zo nan," don haka take kirana, ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗin mota. Ta ce nata 'ya'yan sun yi mata talla, ni in yi mata karatu.

Nas daga Zariya: Allah ya jiƙan Inna. Ina so in ƙara a kan maganar lafiya da Gwaggo ta yi. Tsofaffin mata da muke gani da tari mai naci da numfashi sama-sama, da yawansu ba su taɓa riƙe sigari ba, hayaƙin murhu ne na shekara da shekaru a ɗakin girki marar taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara abin ya fi shafa. Hayaƙin yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido ma. Ga ciwon baya da gwiwa na daka da sunkuyo. In mun tambaye su tun yaushe, sai su ce "ai an daɗe", sun saba ɗauka ciwon jiki wani ɓangare ne na zama mace. Wanda tasa tsohuwar ke raye tana sana'ar wuta, ya fitar mata da murhun fili, ko ya buɗa taga, kuma ya kai ta a duba idonta da hawan jini tun kafin ta faɗi. Aikin yanar ido ba dogon aiki ba ne, da yawa suna komawa gida su ga jikokinsu tar.

Jikar Inna: Anti Nas, tarin nan shi ya kai ta asibiti.

Ta Maraɗi: Ina yi muku gaisuwar rasuwa daga Maraɗi, Allah shi gafarta mata. Labarin nan namu ne sak. Nan ma ƙasar gyaɗa ce, kakata mai take matsa, ɗiyanta mata su kai kasuwa. Tambayata, Inna tana adashi? Don ban taɓa ganin mai irin wannan sana'a da ba ta yi ba. Nan wajenmu a 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta ɗauki wannan dabara ta iyayenmu ta gyara ta, aka sa mata suna Mata Masu Dubara: mata su taru duk mako su zuba a akwati, mai buƙata ta ranta ta maido da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a raba. Yanzu tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Masu ilimi suna ta rubutu a kansa, amma tushensa tsofaffin nan ne da ba su san biro ba.

Jikar Inna: Ba ma yi kawai ba, ita ce uwar adashin unguwa. Ba ta karanta boko, ajami ma kaɗan, amma ba a taɓa jin kuɗin wata ya yi ciwon kai a hannunta ba. A bangon bayan ƙofar ɗakinta take zane da gawayi, kowace mace da layinta, kowane zubi da ɗan karansa. Lissafinta kuma da fam da sule take yi har ta rasu, ko da yake an koma naira tun 1973: in ta ce fam biyar, naira goma take nufi. Babanmu ya ba mu labarin canjin kuɗi na 1984, da aka sauya launin takardun aka ba mutane 'yan kwanaki ƙalilan. Kuɗin mata na hannunta a cikin tukunya ƙarƙashin gado. Ta hana shi barci, ta sa shi ya bi layin banki tun duhun asuba har ya canzo, ta kira kowace ta damƙa mata nata. Haka ta sake shan wannan fargabar a farkon 2023, tana tsohuwa tukuf.

Wannan ma ya kawo ni tambaya ta biyu. Ta rasu adashi bai zagayo ba, saura mata uku ba su kwasa ba. Kuma tun ranar uku mata ke shigowa, wannan ta ce Inna na bin ta dubu biyar, waccan ta ce kwalba uku ta ɗauka ba ta biya ba. Mu ba mu san da ko ɗaya ba. Wasu kuma sun ce sun ba ta ajiya. Ko akwai malami a zaure ya yi mana bayani?

Almajirin Malam: Allah ya jiƙanta, ya sa abin da ta ciyar ya zame mata sadaka mai gudana. 'Yar'uwa, tsarin a bayyane yake. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya in ta yi, ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba gado. Kuɗin adashi da ajiyar mutane kuwa ba dukiyarta ba ce tun asali, amana ce, a ware su a mayar wa masu su kafin a taɓa komai. Abin da take bin mutane, in sun kawo, ya shiga cikin abin da za a raba, sai in magada baligai sun yafe rabonsu. Matan da suka kawo bashin da babu wanda ya sani, a gode musu, sun ji tsoron Allah. Masu cewa sun ba da ajiya, a nemi shaida cikin mutunci, a duba zanen bangon nan tare da matan da suka san yadda take lissafi. Kada kowa ya shafe shi.

Game da maganar farko kuma, a Musulunci abin da mace ta samu nata ne, ciyarwa wajibin miji ce. Suratun Nisa'i aya ta 32 ta ce maza suna da rabo daga abin da suka aikata, mata ma suna da rabo daga abin da suka aikata. Duk loma da Inna ta sa a bakin 'ya'yanta da kuɗin ƙuli kyautatawa ce daga gare ta, ba dole aka ɗora mata ba. Wanda ya ce ba ta aiki ya yi kuskuren lafazi, a gyara masa.

Maman Biyu: Malam, tunda ka zo, ga wata. Mace ta yi sana'a ta zuba kuɗinta a ginin gidan miji, ta sayi kwano, ta yi ɗaki biyu. Miji ya rasu, a zo a ce gida na mamaci ne, a ba ta tumuni, in da kishiya ma su raba tumunin. Ina kuɗinta? Na ga wannan ya faru da ƙanwar mahaifiyata, ta fita daga gidan da ta gina rabinsa da buhun kayanta.

Jikar Inna: Haka aka yi wa Inna da kakanmu ya rasu. Ɗakuna biyu na ƙofar gida da kuɗin adashinta aka yi su, kowa ya sani. Da aka zo rabo ta ce a bar maganar, ba za ta tsaya gaban mutane tana ƙirga wa mamaci bulo ba. Ita da abokiyar zamanta suka raba tumuni.

Almajirin Malam: Tumuni haƙƙinta ne na gado in miji ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i in bai bari ba, aya ta 12 a Suratun Nisa'i. Amma wannan daga dukiyar mijin ne. Abin da ta sa na ƙashin kanta, in ba kyauta ta ba shi ba, ana fitar mata da shi tukuna idan ya tabbata. Matsalar ita ce tabbatarwar. Kunya ke hana mata kafa shaida a kan miji, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Inna ta yafe, ladanta na wajen Allah. Amma magada da suka sani suka yi shiru, da sun faɗa da ya fi musu.

Ɗan Kurmi: Malam, ba na jayayya da aya. Amma in aure ya koma rubuce-rubuce da shaidu tsakanin miji da mata, ina amana? Kun ga ita Inna ta bar maganar, shi ya sa yau ake yabonta. Da ta tsaya rigimar bulo da ba wannan zancen ake ba.

Gwaggo ta Fagge: Ɗana, ita ta ga dama ta bari, kuma tana da ɗa mai riƙe ta. Wadda ba ta haifi namiji ba fa, ko 'ya'yan ba su da hali? Na san tsohuwar da ke wankau a gidajen mutane yanzu, da ƙarfinta ita ke ciyar da gida guda. Rubutu ba ya kore amana. Mijin kirki ma shi zai fara cewa a rubuta, don bai san wa zai riga wani ba.

Ɗan Kurmi: Na ji, Gwaggo. A kan wadda ba ta da mai riƙe ta, na yarda. Sauran maganar ina nan a kan bakana.

Mai kula da zaure: Jama'a a tuna gidan rasuwa muke. A ci gaba, amma a sassauta.

Jikar Inna: Babu komai Yaya, ni na buɗe maganar, kuma na ƙaru. Na karanta wa babanmu bayanin Malam a waya. Ya ce ba za a taɓa ɗakin ba sai an gama. Ranar Juma'a bayan la'asar matan adashi za su taru, babbar gwaggonmu za ta karanta musu zanen bango tunda ita ta fi sanin hannun Inna, a sallami mata ukun nan da masu ajiya. Ya kuma ce a cikin nasa rabon zai ƙara wa 'yan'uwansa mata, ban san nawa ba, ban tambaya ba.

Turmin da kaskon, ƙaramar gwaggonmu ta ce a bar mata, dama ita ke taya Inna tun da ƙarfinta ya ragu, kuma masu tsiren sun aiko tambaya ko za a ci gaba.

Nas daga Zariya: To a fitar mata da murhun tsakar gida tun yanzu, kada ta gaji tarin tare da turmin.

Maman Biyu: In ta fara ki sanar da ni ta akwatin sirri. Ina son man kwalba biyar da ƙuli mai barkono na dubu biyu, zan kuma ɗora hoton a shafina, masu sayen turarena da yawa suna neman man gyaɗa na gida. Ki tambaye ta nawa take sayar da kwalba yanzu.